Masallacin da na share a dutsen Abha

Mun tashi da asuba daga Jurf, unguwarmu a Madina, ko lazimina ban ƙarasa ba aka fara matsa min ƙahon mota a ƙasa. Ku da kuka san ni kun san ba na fita. Shekarata tara a Madina, daga gida sai Harami, sai bagala, wato kantin bakin layinmu, sai gidan ƙanwata a Aziziyya in an yi haihuwa. To wannan karon an ci ƙarfina. Babban ɗana, da ba na kama sunansa, nake ce masa Daktur kamar yadda maƙwabta ke faɗa, malami ne a jami'a, aikinsa binciken ƙasa. Ƙasa dai da kuka sani, wadda ake takawa. Yana da wani aiki a duwatsun kudu, wajen Abha, da ya shekara yana jira, ya ce lokacin kwaso sakamakonsa ya yi. Matarsa ta ɗauki hutu a kantin maganin da take aiki, ta kai yara gidan ƙanwata, sannan ta tasa ni gaba kwana uku: Hajiya zafin Madina ya yi yawa, Hajiya can sanyi ne, Hajiya ki ga duniya. Na ce duniyar da nake gani ta taga ta ishe ni. Ba wanda ya saurare ni.

Abu ɗaya na sani game da aikin, shi ma ba gaya min aka yi ba, kunnena ne ya tsinto. Na ji shi a waya yana cewa in rahotonsa bai shiga hannun shugaban sashensu cikin mako uku ba, da wuya a sabunta masa kwantiragi. Kwantiragin nan shi ke riƙe da igamarsa, wato takardar zama, igamarsa kuwa ita ke riƙe da tawa da ta matarsa da ta yara. Ku riƙe wannan, don za ku ji inda na saka ƙafa.

Da zan shiga mota na riƙo tsintsiyata, irin ta gida da aka kawo min daga Kano bara. Daktur ya dube ni ya ce, "Hajiya, tsintsiya kuma? Har Abha?" Na ce masa ban san wanda ya kwana a ɗakin da za ku sauke ni ba, ban san ko ya san shara ba. Matarsa ta juya kai tana dariya. Na cusa abata a bayan kujera.

A Badar muka karya, da gurasa mai zafi da wake da shayi mai madara. Gari ne mai dabino, iska na kaɗa shi, na yi wa shahidai addu'a daga cikin mota don Daktur ya ce hanya na da nisa. Daga nan muka faɗa hanyar gaɓar teku. Jama'a, ban taɓa ganin hanya mai gajiyar da ido irin wannan ba. Miƙe take ɗoɗar, dama rairayi, hagu rairayi, sai raƙuma nan da can suna kallonmu kamar mu ne baƙin abu. Muka ratsa Jidda da azahar, na rufe idona don yadda motoci ke shiga gaban juna ba sallama. A wata mahaɗɗa, inda ake shan mai, na nemi ruwan zafi a filas ɗina, mutumin ya ce riyal uku. Ruwan zafi! Na ce masa a Madina ko bare ya ƙwanƙwasa min ƙofa zan dafa masa har da ganyen shayi. Bai ji Hausa ba, amma ya ji muryata.

Mun kwana a Gunfuza, garin masunta. Zafinsu mai ɗanko ne, kana zaune kana jiƙewa. Kifinsu dai ban da abin cewa, an soya shi da shinkafa mai duhu da albasa ta rina. Ɗakin kuwa sai da na share shi sau biyu kafin na shimfiɗa sallaya, na kuma tara abin da na sharo a bakin ƙofa don Daktur ya gani da idonsa.

Washegari muka fara hawa. Daga Muhayil hanya ta kama jikin dutse tana nannaɗewa, a shiga rami a fito, a sake shiga wani. Kunnuwana suka toshe. Na kama hannun surukata na ƙi saki, ina karanta duk abin da na haddace tun ina Islamiyya. Birai zaune a bakin titi garke-garke, manya masu furfura, ana jefa musu burodi suna yage leda suna watsarwa. Muna kaiwa sama sai ga gajimare a ƙasanmu. Ni da na saba ɗaga kai in ga hadari, yau leƙa shi nake. Sanyi ya shigo ta taga, na jawo mayafi na biyu, na ce to, a nan dai surukata ba ta yi ƙarya ba.

Rana ta uku muka je dajin, a gangaren dutse yamma da gari. Itatuwan da suka fi yawa ana ce musu ar'ar, ganyensu tsil-tsil, ƙamshinsu kamar turaren wuta, wani koren zare na reto a rassansu kamar gemun tsoho. Akwai kuma ɗalha, mai ƙaya, da ka gan ta ka ga 'yar uwar bagaruwa. Ganye na ɗigar ruwa alhali ba a yi ruwan sama ba, gajimaren ne ke shafa su ya wuce. Wuri mai kyau haka, amma ku zo ku ga abin da masu zuwa shan iska suka yi masa. Kowace inuwa an kankare ƙasanta tas, an tara ganye an ƙona an gasa nama, an bar gawayi da robobin ruwa da ƙyallen jarirai. Raina ya ɓaci tun kafin in sauka daga mota.

Daktur da matarsa suka ɗauki buhuna da wani ƙaramin sikeli za su gangara. Ya ce, "Hajiya, gangaren zai wahalar miki da gwiwa. Ki zauna nan kusa da mota, ga filas, ga tabarma. Kafin la'asar mun dawo." Shi ke nan abin da ya ce. Ku shaida, bai ƙara kalma ɗaya ba.

Azahar ta yi, na tashi neman inda zan yi salla nesa da ƙazantar nan. Na ɗan taka cikin itatuwa, sai ga shi. Fili mai kusurwa huɗu, kamar faɗin ɗaki, an jera masa duwatsu a kewaye, a gefen arewa kuma an ɗora manya uku a tsakiya sun ɗan fito waje. Alƙibla a can arewa take, ba kudu ba irin ta Madina, tun a masauki aka nuna min. To ku gaya min, wace 'yar Hausa ce za ta ga wannan ta ce ba masallaci ba ne? Haka ake yin sa a bakin gona a garinmu, haka mahaifina ya jera nasa a gindin gawo. Sai dai wannan an bar shi, ganye ya taru a ciki har ya rufe idon sawu. Na ce wato kun share wurin cin nama kun bar wurin salla? Na koma mota na ɗauko tsintsiya.

Na yi shara irin wadda uwata ta koya min, ba a haɗa busasshe da danye. Na fara kwashe busasshen ganyen sama na tara gefe guda. Ƙarƙashinsa akwai wani mai danshi da ya fara ruɓewa, farin zare-zare ya kama shi, shi ma na yi masa tarinsa daban. Can ƙasa kuma sai wani baƙin gari mai laushi, mai ƙamshin ruwan farko. Da na damƙe shi na tuna zogalena da ke cikin rabin duro a saman benenmu, wata biyu ganyensa na yin rawaya, na yi masa ruwa har na gaji. Na ɗauko wani buhun shinkafa da ba komai a ciki daga mota na cika da baƙin garin. A cikin ganyen na yi ta tsintar wasu 'yan jakunkunan raga, kowace da ruɓaɓɓen ganye a ciki da 'yar lamba a jiki, na ce sharar masu yawo ce har nan, na tara su a leda. Akwai wani guntun bututun roba mai faɗi da aka kafa a tsakiya, na ce wannan zai kayar da liman, na jijjige shi na tumɓuke. Wuri ya yi fes. Na yi sallata, na yi addu'a Allah ya sa rahoton Daktur ya karɓu, na zauna ina jin daɗin ladan da na samu.

A nan suka same ni. Surukata ce ta fara hangowa, ta dafe kai ta ce, "Innalillahi." Daktur ya ajiye buhun da ke kafaɗarsa, ya zo bakin duwatsun ya tsaya. Ya dubi ƙasar, ya dubi tsintsiya, ya dubi bututun da na jingine a jikin itace. Ya tsuguna ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai duba goshin marar lafiya. Ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, "Ba komai, Hajiya."

Wannan "ba komai" ɗin ita ta fi ƙona min rai. Na haife shi, na san muryarsa tun kafin ya iya magana. Surukata ce ta raɗa min cewa ba masallaci ba ne, filin gwajinsa ne na huɗu cikin shida. Da igiya da turaku ya kewaye su bara, birai suka tuge, shi ne ya koma jera duwatsu. Manyan ukun nan kuwa lambar filin ce a ƙarƙashinsu. Ganyen da na share shi ne abin da ya shekara yana jira ya taru.

Kunya ta kama ni, amma ba ta daɗe ba fushi ya ture ta. Na ce, "Daktur, kwana biyu muna cikin mota ɗaya. Na ji labarin shugaban sashenku, na ji na tayar da ta yi faci, na ji na ƙwallon da aka buga. Bakinka ciwo zai yi in ka ce, Hajiya akwai duwatsu a jere, kada ki taɓa? Ko don a aji huɗu na tsaya, sai a ajiye ni gefen mota da filas kamar buhun albasa?"

Ya ce, "Ba haka ba ne, Hajiya. Na ɗauka ba zai dame ki ba. Abin yana da wuyar bayani."

Na ce, "Gwada ni."

Ya zauna a kan dutse ya gwada. Ya ce akwai wani sinadari, naitirojin, shi ne ƙarfin da ke cikin takin yuriya, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Iskar da muke shaƙa cike take da shi, amma itace ba ya iya cin sa daga iska. Sai wasu halittu da ido ba ya gani, da ke zaune a saiwar irin su ɗalha, su kamo shi su ba uwar ɗakinsu. Na ce, kamar wake ke nan, da ake shuka shi tsakanin gero don gona ta huta. Ya ce shi ne. Na ce da gawo, da geron gindinsa ke fin na ko'ina tsayi. Ya ɗago ya dube ni, ya ce shi ma. Ya ce to itace ya ci, ya kai ganye, ganye ya faɗo, wasu halittun su ruɓar da shi su mayar wa ƙasa, saiwa ta sake sha. Haka abin ke zagayawa. Dajin nan ba mai zuba masa taki, abin da ya zubar shi yake ci. A kan dutse kuma sanyi na sa ruɓewar ta yi nawa, in aka yi ruwa mai ƙarfi gangare ya kwashe wani, wani kuma ya tashi ya koma iska. Jakunkunan ragar nan ganye ne da ya auna ya binne, zai riƙa ciro su kashi-kashi ya ga nawa ya narke, rabi yau, rabi bayan wata shida. Bututun kuwa a kansa yake kifa murfi ya kama numfashin ƙasar.

Na ce, "To ai daddawa ce. Ka dafa kalwa, ka rufe ta da ganye, ka ba ta kwana uku ba ka buɗe ba. Da sanyi sai ta yi huɗu. In ka buɗe da wuri ka ɓata."

Ya ce, "Hajiya, warin nan da ke tsinka hanci in an buɗe daddawa, shi ne fa. Naitirojin ne ke tashi."

Na ce, "Shekara talatin ina yin daddawa a ɗakin da ka tashi, shi ne yake da wuyar bayani?" Surukata ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya da hawaye a idonta. Shi bai yi dariya ba, don fili dai ya ɓaci. Jakunkunan da ya kamata su ƙara wata shida na ciro su, bututu na tumɓuke, shugabansu kuma fili shida ya sa hannu a kai, ba biyar ba.

Da ya tashi zai tattara, ya ga tarin nawa guda biyu da buhun. Ya tambaya ko na gauraya su. Na ce Allah ya sauwaƙe, ni ce zan haɗa busasshe da danye? Ashe shi ma haka yake rabawa, kashi uku, kafin ya auna. Muka zauna mu uku muna zubawa a buhuna yana ɗorawa a sikeli, matarsa na rubutawa. Baƙin garin zogalena ma ya karɓe, ina ji ina gani. Wannan ɓangaren dai ya tsira.

Muna cikin haka bakina ya ƙi shiru. Na ce, in shara tana hana itace abincinsa, to waɗancan itatuwan da masu gashin nama ke kankare musu gindi kullum fa? Na nuna masa, da yawansu kawunansu sun bushe. Ya ce ba a sani ba ko sharar ce, ko ƙarancin ruwa, ko tattakawa, ba a yanke hukunci da kallo. Na ce to ga fili an share maka kyauta, shara mai kyau kuwa, ba irin tasu ba, ga biyar ba a share ba. Ka zuba ido ka ga bambanci mana. Ya tsaya da buhu a hannu. Ya ajiye, ya karɓi littafin daga hannun matarsa, ya juya sabon shafi ya yi ta rubutu har la'asar ta kusa kufce mana. A filin na huɗu muka yi ta, ya ja mu, tunda dai an riga an share.

A hanyar fita muka tsaya wurin wani dattijo mai sayar da zuma a bayan tsohuwar mota, ya ɗaura kambun ganye mai ƙamshi da furanni a kansa, haka mazan yankin ke yi. Ya ga buhunan ya tambaya, Daktur ya ba shi labari da Larabci. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce min, "Ya Hajja, niyyarki ta riga ta isa sama." Ya ce su a gonakinsu na jikin dutse, kakanninsu ganyen daji da kashin awaki suke ɗaukowa a ka su zuba, yanzu yara sun koma gari, gonakin na zubewa. Ya lasa min zumar ɗalha a tsinke, mai duhu, mai ɗan ɗaci a ƙarshe. Da ya faɗi kuɗin kwalba na ce ɗanɗanon ya wadatar.

Mun dawo ta saman duwatsu, ta Baha da Ɗa'ifa, don na rantse ba zan sake bin hanyar ramukan nan a gangare ba. Mota ta cika da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Daktur bai cika magana ba, ni ma na yi shiru gwargwadon iyawata, wato zuwa Baha. Da na hango fitilun Madina bayan magariba, na ce alhamdu lillahi, ni da tafiya sai ta Makka.

Kwana goma sha biyu ya yi yana rubutu, ni kuma na yi su ina azumin magana, ina kai masa kunu har ɗaki. Ya rubuta gaskiya, cewa fili na huɗu ya taɓu, ga abin da aka rasa, ga abin da za a yi da shi. Bai ce uwarsa ce ba, na ji yana karanta wa matarsa wurin, ya ce "wani mai ziyara". Shugaban nasu ya yi faɗa, ta bango na jiyo muryarsa a waya. Bai ba shi shekara biyun da ya nema ba. Shekara ɗaya ya ba shi, da sharaɗin ya kawo sakamakon filin da aka share. Igamarmu dai an sabunta. Shekara guda ta tafi a bakin tsintsiyata, wannan ba zan ɓoye muku ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min, ba duk abin da ya faɗi ƙasa ne shara ba, wani abincin gobe ne. Abin da ta koya wa Daktur kuwa, ya riƙa buɗe baki. Ku masu 'ya'yan da suka yi karatu, ku matsa musu su gaya muku abin da suke yi, ko da sun ce yana da wuya. Yawancinsa mun san shi da wani suna.

Sai ga sharaɗin ya dawo kaina. Filin na huɗu dole a riƙa share shi duk bayan wata uku, kuma shara iri ɗaya da ta farko, hannu ɗaya, tsintsiya ɗaya, in ba haka ba wai awon ba zai daidaita ba. Ni da na ce na gama tafiya.

Jiya maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta hau bene shanya, ta ga ganyen zogale ya taru a cikin duro da ɓawon wake da na zuba, ban kwashe ba. Ta ce, "Hajiya, lahiya kuwa? Ke da ba ki barin tsinke a ƙasa?" Na ce mata kada ta kuskura ta taɓa min, abinci yake ci. Sabbin ganyen da ya fito da su kore ne shar. Tsintsiyar kuwa Daktur ya ɗauke ta ya kulle a cikin kayan aikinsa, ya manna mata lamba, ni da abata sai na roƙa.